Gwanjon LEGO ko sabon bulo ɗan Caina: wanne zai ɗauki ginin zaure?

Malam, tambayarka ita ce: kana Garwa, ka gaji da harhaɗa abin da aka zana a jikin kwalin LEGO, bulon roban nan na wasan gini, kana so ka yi ginin kanka, zaure da katanga irin na gidajen ƙasa, a kan faifai mai maɓalli 32 tsawo 32 faɗi (maɓalli shi ne ɗan tudun da ke saman bulo, wanda wani bulon ke hawa ya kama), ka nuna wa abokan sha'awa. Ka sayi LEGO na asali a gwanjo ne, ko ka sa a kawo maka sabon bulo ɗan Caina? Amsarmu: kowanne da gurbinsa a cikin gini ɗaya, kuma kafin ka fitar da sefa ko ɗaya ka fara ƙirga abin da ginin zai ci.

Lissafin ba wuya. Katanga mai kaurin maɓalli ɗaya da ta zagaye faifan tana cin maɓalli 124 a kowane sahu, wato kwatankwacin bulo mai 1x4 (maɓalli ɗaya faɗi, huɗu tsawo) guda 31. Tsayin bulo milimita 9.6 ne, ɗan mutumin LEGO kuwa kusan santimita 4, saboda haka sai ka yi sahu 6 kafin katanga ta rufe kansa sosai: bulo 186 ke nan, ka cire gurbin ƙofa. In ka shimfiɗa tsakar gida da tayil mai 2x2, fili ne 30 sau 30, tayil 225. Ba a fara zauren ba tukuna, ka haura guda 400, kuma kusan duka launi ɗaya ne, launin ƙasa. Wannan maganar launi ita ce ke raba gardama.

Gwanjo yana zuwa ne a gauraye. Buhun kayan wasan da ya sauka a Duwala, ko wanda ya biyo ta Mubi da Yola, ragowar motocin kwana-kwana ne da jiragen sama da gidajen 'yan sanda na yaran Turai: ja, rawaya, shuɗi, fari, toka-toka, tayoyi barkatai. Launin yashi da launin jar ƙasa kaɗan ne a ciki, wanda ke ciki ma yawanci ƙanana ne. Kana iya tara kilo da yawa ba ka haɗa bulo 186 masu launi ɗaya da siffa ɗaya ba. Ɗan Caina kuwa ana sayar da shi lamba-lamba, launi-launi, a kan awo, galibi daga masana'antun yankin Shantou a lardin Guangdong. Ka ce 1x4 launin yashi guda 200, a ƙulla maka leda guda. A nan ɗan Caina ya yi gaba, babu ja.

Sai dai launinsa yana da tarko. Abin da kamfani ɗaya ya kira launin yashi ba lalle ya zo daidai da na wani ba, har zubi biyu na kamfani guda kan saɓa. A ɗaki ba za ka lura ba, sai ka fita da shi haske ka ɗauki hoto ka ga katanga ta zama dabbare-dabbare. Saboda haka ka sayi duk abin da fuskar gini ke bukata a oda ɗaya, ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kai. LEGO ma bai tsira ba: ya canja launin toka da ruwan ƙasa a tsakanin 2003 da 2004, shi ya sa a buhun gwanjo za ka tarar da toka iri biyu, tsohon yana ɗan karkata ga rawaya, sabon ga shuɗi. Ga mai gina gidan ƙasa wannan ba asara ba ce dukanta. Bangon laka na gaske ba launi ɗaya ba ne, gindinsa ya fi duhu saboda feshin ruwan damina. In ka jera masu duhun a sahu na farko da na biyu da gangan, aibi ya koma ado.

Yanzu ga inda na asali ya fi: kamu. Tazarar maɓalli da maɓalli milimita 8 ce, faɗin maɓallin 4.8, kaurin falle, wato siririn bulo, 3.2, falle uku bulo ɗaya. Bulo mai 2x4 ba 32 da 16 ba ne cif, 31.8 ne da 15.8, an rage kaɗan don maƙwabta su zauna ba gogayya. Abin da ke riƙe bulo shi ne matsewar maɓalli tsakanin bango da bututun da ke ƙarƙashi, tsarin da kamfanin, wanda ke Billund a Danmak, ya yi wa rajista a Janairun 1958. Tun 1963 da robar ABS yake zubi, kuma bulon wancan zamani yana shiga na yau. Ɗan Caina awon iri ɗaya ne a takarda, bambancin yana wurin ingancin mazubi. Akwai mai kyau ƙwarai wanda da ƙyar hannu zai bambance, akwai kuma wanda a leda ɗaya wani ya matse har sai ka sa haƙori, wani ya yi sako-sako. Kuskuren tsayi kuma taruwa yake yi: in kowane bulo ya gaza da milimita 0.05, a sahu 20 ka rasa milimita guda, kuma a nan ne rufi ke ƙin zama, ko ka ga tsaga a inda bango biyu suka haɗu.

Gwajin da za ka yi kafin ka sayi da yawa: ɗora guda goma a kan juna, ka kama na sama ka girgiza, kada ko ɗaya ya faɗo. Ka ajiye su gefen guda goma na asali a kan gilashi, ka ɗora falle a kan ginshiƙan biyu ka ga ko ya kwanta. Ka kuma haɗa falle biyu masu 2x4 ka raba su. In sun ƙi rabuwa ko da ɗan abin raba bulon nan na LEGO mai ruwan lemo, ka san ranar gyara za ka sha wuya.

Zauren kansa shi ne wurin da kamu ke da muhimmanci, domin a nan ake juya bulo ya kalli gefe. Ado irin na fuskar soro ana yin sa ne da bulo mai maɓalli a gefe, lambar siffarsa a kundin LEGO 87087 ko tsohuwar 4070, a manna tayil da ƙananan gangare 54200 a tsaye. Ƙa'idar ita ce falle 5 daidai suke da faɗin maɓalli 2, duka milimita 16. Irin wannan haɗi maɓalli ɗaya tak ke riƙe shi, in ya yi sako-sako adon zai riƙa zubowa duk lokacin da aka taɓa tebur. Haka zankwaye a kan kusurwa, haka indararo, haka bakan ƙofa 3659 mai 1x4 ko 3455 mai 1x6. Waɗannan ka neme su na asali. Ba su da yawa, ƙila ba za su wuce 'yan gomomi ba a zaure guda, kuma irinsu ne ake tsinta a gindin buhun gwanjo. Duk abin da ke da maƙala ko ƙugiya ko gaɓa mai lanƙwasa shi ma na asali ya fi aminci. Gargaɗi ɗaya: tsofaffin LEGO masu launin jar ƙasa da ja mai duhu an san su da saurin karyewa, musamman falle da tayil ƙanana. Ka ɗan matsa gefensu da yatsa tun a kasuwa. Abin takaici kuwa, su ne launukan da mai ginin ƙasa ya fi kwaɗayi.

Gane na asali ba ya bukatar malami. Kowane maɓalli marar huda yana ɗauke da kalmar LEGO, a ƙarƙashi kuma yawanci akwai lambar siffa, kamar 3001 ga mai 2x4 ko 3010 ga mai 1x4. Maɓalli marar huda fayau ba rubutu, ba nasu ba ne. Mai gwanjo ba ya tacewa, a buhu ɗaya za ka ga bulon wani kamfani irin Mega Bloks, da manyan Duplo na LEGO na ƙananan yara, da abin da ba shi da suna, to kada ka biya kuɗin na asali a kan awon gauraye. Ka ƙi mai shaidar haƙori, mai tsaga a gefe, da faifan da ya kantare.

Zafi da ƙura ba su san tambari ba. ABS ba ta fara laushi sai wajen digiri 100, saboda haka zafin Afrilu a Garwa ko Kuseri ba zai narkar da komai a ɗaki ba. Rana ce abokiyar gaba: tana mayar da fari da toka da shuɗi rawaya-rawaya, faifai siriri da aka bari a mota a rufe kuma yana iya lanƙwashewa. Wasu 'yan Caina masu araha ba su faɗin irin robar da suka zuba, wannan ma dalili ne na sa su a ciki ba a fuska ba. Gwanjo dole a wanke shi. Kamfanin ya ce da hannu, da sabulu mai sauƙi, ruwa kada ya wuce digiri 40. A bazara ruwan tankin da ke kan rufi da azahar yana iya haura haka, ka ɗiba da asuba ko daga randa. Ka zuba ƙananan a rariya kada su bi magudana, ka shanya a inuwa a kan zane, baki ƙasa, har sai bututun ciki ya bushe. Da hunturu ƙura tana kwanciya ne a tsakanin maɓallai, shi ya sa rufe tsakar gida da saman katanga da tayil ya fi kwalliya amfani. Burushin fenti mai laushi ya isa shara. In gini zai daɗe a ajiye, masu aikin alminiyam za su haɗa maka akwatin gilashi: faifan santimita 25.6 ne kowane gefe, ka ba su 30. Manne kuwa ka bar shi, yana barin farin tabo, asitan, ruwan goge jan farce, kuma narkar da ABS yake yi.

Akwai hanya ta uku, sayen na asali ɗaiɗai a BrickLink, kasuwar intanet da aka kafa a 2000, LEGO ya saye ta a 2019. Can na asali kawai ake sayarwa. A kundinsu launin yashi lamba 2 ne, yashi mai duhu 69, jar ƙasa 88. Matsalar ita ce kowane ɗan kasuwa da kuɗin aikensa, ba kowa ke aikowa Kamaru ko Cadi ba, ana bukatar katin banki, ga kwastan. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ka buga kuɗin aike kafin ka yi murna da arahar bulo. Ta fi dacewa da ƙananan abubuwan ado, ku haɗa oda da abokai ko a aika wa ɗan'uwa a Faransa ya taho da ita. Ko ba za ka saya a can ba, ka sauke manhajarsu ta kyauta, Studio, a kwamfuta. Ka gina zauren a ciki, ta ba ka jerin lambobi da adadi, kuma 'yan Caina da yawa da waɗannan lambobin suke sayarwa. Abin da ba za ta nuna maka da kyau ba shi ne nauyi da girgiza, wannan sai hannu.

Batun nunawa. Tsakaninmu ba wanda zai hana ka gauraya, amma ka faɗa a ƙarƙashin hoto: katanga ɗan Caina, ado na asali, guda kaza, sahu kaza. Wanda zai kwaikwayi ginin yana bukatar sanin haka. In kana da burin kai shi LEGO Ideas, shafin da magina ke miƙa wa kamfanin ƙirarsu, inda ake neman goyon bayan mutum 10,000 kafin kamfani ya duba, can siffofin LEGO na gaske kawai ake karɓa, to ka guji siffar da ɗan Caina ne kaɗai ke zuba ta. Bulo mai shiga na LEGO ba haramun ba ne a doka, rajistar ƙirar ta ƙare tun tuni, kotun Tarayyar Turai ma a 2010 ta ce siffar bulon ba za ta zama tambarin kasuwanci ba, shi ya sa irin su Cobi na Folan ke sana'arsu a fili. Kwafe kwali sukutum shi ne laifi, abin da ya sa 'yan sandan Caina suka rufe kamfanin bulo na Lepin a 2019. Haka in ka ari dabarar wani magini, ka ambace shi.

Hoto ka ɗauke shi da hantsi a inuwar baranda, farin kwali a baya, waya a ƙasa daidai tsayin ƙofar zauren, ba daga sama ba. Ka ƙara ɗaya da aka cire rufi don a ga yadda ka ɗaure ciki, shi ne masu gini za su fi tattaunawa a kai. A WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse shi layukan bulo su dushe. In kuma ginin zai hau mashin ko motar Marwa, ka sa katako a ƙarƙashin faifan don yana lanƙwasa ya ɓalle katanga, ka gina zauren daban a kan fallensa, ka haɗa shi da katangar da bulo mai huda 3700 da baƙin ƙusa 2780, biyu a kowane gefe. Waɗannan ƙusoshin ma ka nemi na asali.