Bitar tsara kasuwanci da ake yi a Gombe, ta cancanci kuɗinta kuwa?

Masu tambayata ko bitar nan ta tsara kasuwanci da wani ofishin masu ba da shawara ke shiryawa can wajen Tunfure ta cancanci kuɗinta, to ga amsar gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa. Ta cancanta, amma fa ba ga kowa ba, kuma zaman safe sai ka daure. Ba zan kama sunan ofishin ba tunda akwai ƙorafi a ciki.

Abin da suke tallatawa shi ne wai za su nuna maka inda duniya ta dosa nan da shekara goma zuwa talatin, kai kuma ka ɗora tsarin kasuwancinka a kai. Yawancinmu da muka je 'yan kasuwar Tudun Hatsi ne, sai masu shagon janareta da sola, da wasu mata masu sarrafa gyaɗa da riɗi, da samari masu POS. Kuɗin rajista bai kai na buhun masara ba kuma har da abincin rana, ta wannan ɓangaren ba su da laifi.

Wani matashi ne ya fara, ya kunna majigi ya dinga zubo alƙaluma, rabi Turanci rabi Hausa. Mutanen duniya sun cika biliyan 8 a Nuwamban 2022, Indiya ta wuce Chaina a yawan jama'a a 2023, ita Chainar ma tun 2022 mutanenta raguwa suke yi, Najeriya kuma ana hasashen za ta haura miliyan 350 kafin 2050. Duk gaskiya ne ban musa ba, amma sai ya zarce zuwa dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2023 kan daina sayar da sabbin motoci masu shan fetur da dizal daga 2035, ya daɗe a kai har wani dattijo a layin gaba ya ɗaga hannu ya ce masa, yaro ni wake nake sayarwa, motar lantarkin Jamus me ya haɗa ni da ita? Yaron ya ce ranka ya daɗe ai komai a haɗe yake, ya kasa faɗin ta ina. Nan rabin ɗakin suka koma danna waya.

Bayan azahar ne kuɗinmu ya fito. Wata Hajiya ce ta karɓa, an ce ta daɗe tana aiki da manoma a ɓangaren bashin noma, ko majigin ba ta kunna ba. Ta juya wajen dattijon nan ta ce Baba Alhaji bari mu koma kan wakenka, ka san tun 2015 Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu? Dalili maganin ƙwari ne, irin fiya-fiyan nan da ake zuba wa buhu don gudun ƙwaro, gwajinsu ya nuna ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Sai ta sa aka shigo da buhu biyu aka ajiye kan tebur, ɗaya namu na kullum, ɗaya kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki, ta matse iskar ta ɗaure ledar farko, ta ɗaure ta biyu, sannan na waje, ta ce ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska, ba ka buƙatar ɗigon magani. Ba wai buhun ne sabo a wajenmu ba, da yawa mun san shi, abin da ta fito da shi shi ne duniya ta juya zuwa ga mai saye yana tambayar ina aka noma, me aka fesa, yaya aka adana. Ta ce ba sai kai ka kai riɗi Japan ko Turkiyya da kanka ba, dillalin Dawanau da ke saye a hannunka shi za a matsa wa, shi kuma ya sauke a kanka ta hanyar farashi. Wallahi ɗakin ya yi tsit, har masu wayar suka ɗago.

Daga nan ta raba takarda ta ce kowa ya rubuta abin da ke cikin sana'arsa wanda ya rataya a kan dala, da wanda ya rataya a kan mai, da wanda ya rataya a kan ruwan sama. Ta tuna mana ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, da yadda dala a farashin gwamnati ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, da yadda yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya taɓa taki da alkama har a nan. Sai ta ce yanzu ku lissafa in abin ya ninka ya za ku kasance, in kuma ya sauka fa? Wannan na biyun shi ne mu 'yan hatsi ba ma son ji, mun saba da cewa in ka tara kaya da kaka sai dai ka ci riba da bazara, alhali kowa ya ga yadda bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024 farashi ya karye a 2025, masu sito cike da kayan da suka saya da tsada suka dinga salati. Ita ba ta ce kar a tara ba, cewa ta yi kar ka tara da kuɗin bashi, kuma kar ka zuba jarinka kaf a kaya ɗaya.

Mai janareta ma ya samu rabonsa. Ta ce farashin faifan sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma ai ba sai an gaya maka ba, leƙa masu cajin waya da masu ƙanƙara da masu noman rani a Dadin Kowa ka gani. Shawararta kar ya watsar da janareta yau, ya dai tura yaransa biyu su koyi haɗa inbata da batir tun kafin kwastomominsa su koma wajen wani.

To ga inda suka gaza. Maganar sauyin yanayi a gurguje aka wuce ta, an ambaci ƙafewar Tafkin Chadi da ambaliyar Alau ta Maiduguri a Satumban 2024 shikenan, ga zaizayar ƙasa nan tana cin unguwanni a cikin garin Gombe ba wanda ya ce uffan. Tsaro da iyakoki ma ba su taɓo ba, bayan mun ga yadda rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da harkar mutane har zuwa Maris ɗin 2024. A maimakon haka matashin nan ya dawo da la'asar yana kambama man fetur ɗin Kolmani, can iyakar Gombe da Bauchi, da Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙarsa a Nuwamban 2022, wai mu fara sayen filaye, ni dai sai na ga tankoki na fitowa. Takardun da suka raba duk Turanci ne, kuma tsarin irin wanda ake kai wa banki neman bashi ne ba wanda mai rumfa zai ajiye a aljihu ba. Guruf ɗin WhatsApp da suka ce za a ci gaba da amsa tambaya kuwa ya koma dandalin tallan bita ta gaba.

In jarinka kullum yake juyawa, ka saro da safe ka sayar da yamma, riƙe kuɗinka. In kuwa kana ajiye kaya na watanni, ko kana shirin sayen inji ko mota ko gina sito, je ka, ka tafi da littafin cinikinka da yaron da ke riƙe maka lissafi don aikin takardar nan ba ya yiwuwa da ka. Kuma kafin ka tura kuɗin rajista ka tambaye su ko Hajiyar na cikin masu koyarwa a wannan karon, don na ji an ce ba kowane zama take zuwa ba.