Cire Haƙori ko Aikin Jijiya: Wanne Ya Dace da Majiyyaci?

Masu fama da ciwon haƙori sukan yawaita tambaya ko a cire haƙorin da ya ruɓe, ko kuwa a yi masa aikin jijiya, wato a kwashe jijiyar da ta lalace a cike gurbinta, haƙorin ya zauna a inda yake.

Ta fuskar kuɗi da lokaci cirewa ta fi sauƙi, domin galibi a zama ɗaya ake gamawa. Aikin jijiya kuwa yakan ci zama biyu ko fiye, kuma haƙorin tauna yakan buƙaci a sa masa murfi don kada ya tsage. Sai dai giɓin da cirewa ke bari ba ƙaramin abu ba ne, domin haƙoran gefe sukan karkato cikinsa, ƙashin muƙamuƙi ya riƙa zaizayewa, dashen wani kuma ya fi aikin jijiyar tsada.

A ganina, wajibi ne likita ya saurari halin majiyyaci kafin ya yanke shawara, musamman mai ciwon sukari ko mai shan maganin tsinka jini.

Wanda haƙorinsa ya tsage har saiwa, ko yake nesa da asibiti, cirewa ta fi masa. Wanda tushen haƙorinsa ke da ƙwari kuma yake da halin komawa asibiti, aikin jijiya ya fi dacewa da shi.