Medela Harmony a hannun mai tagwaye bakwaini: inda ta isa da inda ta gaza

Harmony na'urar tatsar nono ce ta hannu, ƙirar kamfanin Medela na ƙasar Suwizalan. Ba ta neman wuta ko batir, ba ta da ƙara, kuma tana shiga jakar hannu. Kamfanin ya tsara ta ne don uwar da jaririnta ke kama nono da kansa, take tatsa jefi-jefi idan za ta fita. Mai tagwaye bakwaini ba haka lamarinta yake ba. Jariran da aka haifa kafin mako 32 zuwa 34 na ciki galibi ba su iya haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba, don haka duk abin da zai shiga cikinsu sai an tatso, a ba su ta robar hanci ko a ƙaramin kofi. A irin wannan gida na'urar za ta yi aiki dare da rana, kuma da wannan ma'auni muka duba ta.

A fara da lissafi, domin shi ke nuna nauyin aikin. Bayan makon farko ko na biyu, bakwaini kan buƙaci kimanin mililita (ml) 150 zuwa 180 na nono a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. A ce Hassan kilo 1.5 ne, Husaini kuma 1.8. A kan ml 160, na farko zai sha ml 240, na biyu ml 288, jimilla sama da rabin lita, kuma adadin ƙaruwa yake yi kowane mako. Kafin jikin uwa ya kai nan, sai ta tatsa aƙalla sau 8 a cikin awa 24, har da sau ɗaya ko biyu cikin dare, kada ta bar tazarar da ta wuce awa 5. Harmony gefe ɗaya take tatsa. Minti 15 a dama, minti 15 a hagu, sau 8, awa 4 ke nan cur hannu na matsa mariƙi, ba a sa wanki da shanya a lissafin ba. Na'urar lantarki mai baki biyu tana rage wannan lokaci da rabi. Inda asibiti ke da irin ta, kamar Symphony ta wannan kamfanin, a yi amfani da ita muddin jariran na kwalba, Harmony ta zama ta dare, ta hanya, da ta ranar da aka ɗauke wuta. Inda babu, to Harmony tare da tatsar hannu za su yi aikin, sai dai uwar na buƙatar a ɗauke mata girki da wanki gaba ɗaya, ba a rage mata ba kawai.

A kwana biyu zuwa uku na farko ma Harmony ba ta da amfani sosai. Dakashi kaɗan ne kuma yana da kauri, ɗigo biyar ko goma da za a samu sai su manne a jikin mazurari (bakin na'urar da ake kifawa a kan nono) da bawul (ɗan robar da nono ke bi ya sauka gora), a yi asararsu. A wannan lokaci a tatsa da hannu, wani ya tsaya da sirinji na ml 1 ko 2 yana zuƙe ɗigon daga kan nono. A fara cikin awa 6 na farko bayan haihuwa, in hali ya yi ma tun awa ta farko. Har yanzu akwai gidajen da ake zubar da dakashi da sunan dauɗa ne. Ga bakwaini wannan babbar asara ce, domin shi ne kariyar farko ta hanjinsa.

Kayan cikin kwalin ba su da yawa: mazurari mai faɗin milimita 24, mahaɗi, bawul ruwan ɗorawa, 'yar farar roba mai laushi da ake maƙala wa bawul ɗin, mariƙi da faifan robarsa da sandarsa mai ɗan zoben roba, gora ta ml 150 da murfinta, sai mazaunin gora. Abin da ya bambanta ta da yawancin na hannu shi ne mariƙin kai biyu gare shi. Gajeren kan na sama ana danna shi da babban yatsa da sauri-sauri, kamar yadda jariri ke fara tsotsa, har nono ya sauko, galibi cikin minti ɗaya zuwa biyu. Daga nan a koma dogon kan, a matsa a hankali, a ɗan riƙe, a saki. Idan zubar ta ragu a sake komawa gajeren kan. Wannan tsari yana aiki sosai, kuma shi ne dalilin da ya sa ta fi kuɗi. Mata da yawa suna tsallake matakin farko su kama dogon kan tun daga farko, sai su ce na'urar ba ta ja, alhali nonon ne bai sauko ba.

Matsalar da ta fi kowace yawa ita ce girman mazurari. Milimita 24 ba ta dace da kowa ba. A auna faɗin kan nono daga gindinsa, ban da baƙin da ke kewaye da shi, a ƙara kimanin milimita 4. Mai 17 za ta ɗauki 21, mai 20 ta ɗauki 24, mai 23 ta ɗauki 27, akwai kuma 30. Idan ya yi ƙanƙanta, kan nonon zai riƙa gogar bangon, ya yi fari ko ya tsage. Idan ya yi girma, zai zuƙo baƙin fatar ciki, wurin ya kumbura, nono ya ƙi fita duka. Wadda ke tatsa sau ɗaya a mako za ta iya jure wannan. Mai tatsa sau 8 a yini za ta samu rauni kafin suna. Sauran girman daban ake sayar da su, kuma ba kowane kanti ke ajiye su ba, shi ya sa ya kamata a tambaya kafin a biya kuɗin na'urar. Tatsa ba ta kamata ta yi zafi ba. In ta yi, a rage ƙarfin matsa mariƙi, a sake duba girman.

Sai kuma mutuwar ja. Kusan kullum laifin 'yar farar robar nan ne. Dole ta kwanta sumul a jikin bawul. In ta ɗan naɗe a gefe, ko ta tsage, ko an mayar da ita da danshi, iska za ta riƙa shiga, sai a yi ta matsawa a banza. Da yawan tafasawa da aikin tagwaye takan saki cikin 'yan makonni, don haka a sayi aƙalla biyu ko uku na ajiya tun ranar farko. In robar lafiya take, a duba bawul ko ya tsage, a tabbatar an sa shi a karkace zuwa gefe kamar yadda takardar ta nuna, sannan a duba ɗan zoben robar da ke jikin sandar mariƙi, domin yakan zame a wurin wanki ba a lura ba. Duk waɗannan gyaran minti ɗaya ne ga wadda ta san inda za ta duba.

Nan ne yayan tagwayen ke shigowa. Yaro ɗan shekara biyu ko uku, wanda wataƙila bai daɗe da yaye ba, yana ganin an mayar da hankali kan wani abu mai launi da ake wankewa ana lallaɓawa. Farar robar ba ta fi farcen babban yatsa ba, kuma za ta iya shaƙe yaro idan ya sa a baki. Bawul ɗin ma haka. A shanya kayan a kan durowa ko kanta mai tsawo, cikin roba mai murfi, ba a kan tabarma ko bakin gado ba. Masu talla kan ce ana sarrafa ta da hannu ɗaya, kuma gaskiya ne, amma ɗayan hannun ba hutu yake yi ba, shi ke matsa nonon daga sama zuwa ƙasa don ya fita sosai. Ma'ana, rabin awar nan uwa ba ta da hannun da za ta riƙe yaro ko ta hana shi hawa gadon jarirai. Abin da ke aiki shi ne a ba shi nasa aikin da wurin zamansa: ya zauna a gefen da ba a tatsa, ya riƙe murfin gora, ya miƙo tawul, a yi masa tatsuniya ko a biya masa karatunsa. A ajiye wani abin wasa da ba a fito da shi sai lokacin tatsa. A koya masa wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ƙannensa, kuma ranar da yake mura ko tari a nisanta shi da su, domin murar da ba ta kwantar da shi ba tana iya mayar da bakwaini asibiti. Rashin ƙarar na'urar yana taimakawa sosai a ɗakin da kowa ke kwana tare: ana tatsar ƙarfe biyun dare ba wanda ya farka.

Goyon kangaru, wato ɗora jariri tsirara a ƙirji fata da fata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 a fara shi nan take bayan haihuwa, a yi awa 8 zuwa 24 a yini. Ba a iya tatsa da Harmony alhali jarirai biyu na ɗaure a ƙirji, gorar ma ba ta da wurin zama. Amma nono ya fi saurin saukowa daidai bayan an sauke su. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne uwa ta miƙa su ga mahaifinsu ko kaka su ci gaba da goyon a nasu ƙirjin, ita kuma ta tatsa nan take. A tatsa har zubar ta tsaya, a ƙara minti biyu, domin nonon ƙarshe ya fi maiƙo, kuma shi ke sa nauyi. Idan nonon bai isa duka biyun ba, ma'aikatan sashen jarirai ne za su faɗi yadda za a raba da abin da za a cike da shi. A ware wa kowane jariri kofinsa da sirinjinsa, a ɗaura wa na ɗaya zare mai launi, don adadinsu ba ɗaya ba ne kuma cikin dare ana rikicewa.

Wanki kuwa ba a yi masa ragi. Bayan kowace tatsa a warware komai, har farar robar a cire ta daga bawul. A ɗauraye da ruwa mai sanyi tukuna, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka a cikin robar da aka keɓe don wannan kaɗai, a sake ɗaurayewa. Sau ɗaya a yini aƙalla a tafasa duk abin da nono ke taɓawa na minti 5, a tukunyar da ruwa ya rufe su, kada su kwanta a gindinta su narke. A bar su su bushe da kansu a kan tsabtataccen ƙyalle, kada a goge, kuma lokacin hunturu a rufe saboda ƙura. Ruwan burtsatse yakan bar farin gari a jikin roba bayan tafasawa, wannan ba lalacewa ba ce. Wanda ke da hali ya sayi mazurari da mahaɗi da bawul na biyu, domin saiti ɗaya ba ya gama bushewa tsakanin tatsa da tatsa da damina.

Ka'idar da aka saba ji ta cewa nono na iya awa 4 a ɗaki, an gina ta ne a kan ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin Afrilu ana haura 40, don haka wannan ka'ida ba ta shafi ɗakunanmu ba a bazara. Inda babu firij mai tsayayyar wuta, a tatsa don shayarwa ta gaba kawai, a ba su da wuri. A firij, sassan jarirai da yawa ba sa yarda nonon bakwaini ya wuce awa 48, kuma a can ciki ake ajiye shi, ba a jikin ƙofa ba. Idan za a kai asibiti, a sa gorar cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta suna da rana da lokaci a jiki. Ana ɗumama shi ne ta hanyar tsoma gorar a kwanon ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Layukan awo na jikin gorar Harmony sun yi gwari-gwari ga mai auna ml 28 ko 36, a auna da sirinji. Ko da an haɗo kan fida a kwalin, kada a fara ba su da shi sai ma'aikatan lafiya sun ce sun kai. Da kofi kuma, a ɗan tayar da jaririn zaune, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa ya lasa da kansa, ba a ɗura masa.

Alamar cewa nonon na isa ita ce kowane jariri ya jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a yini, kuma yana ƙara kimanin giram 15 a kan kowane kilo kullum. Idan jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi sha, ko cikinsa ya kumbura, ko ya yi koren amai, ko numfashinsa na ɗaukewa, asibiti za a nufa nan take. Uwa ma, idan wani sashe na nononta ya yi tauri da ja ga zazzaɓi, ta ci gaba da tatsa a hankali kuma ta ga likita a ranar.

Harmony ta fi na'urorin hannu marasa suna tsada nesa ba kusa ba, amma ta cancanci kuɗinta. A saye ta sabuwa a rufaffen kwali, ba a gwanjo ba kuma ba aro ba, domin ta mutum ɗaya ce. Irin mai ƙwallon roba a baya, wadda ta yi kama da ham ɗin keke kuma ta cika kemis-kemis, a bar ta a kanti komai arharta: nono na shiga cikin ƙwallon, ba ya wankuwa, kuma ba a iya daidaita ƙarfin janta. Idan kuɗin Harmony da robobin ajiyarta da mazurarin da ya dace ba su samu ba, tatsar hannu a cikin tafasasshen kofi mai faɗin baki ta fi waccan aminci, kuma kowace nas ta sashen jarirai za ta iya nuna yadda ake yi kafin a sallame ku.