Jema, jerin dutse ko buhun yashi: wanne ya dace da gonar gangare?

Duk mai gona a gangare ya san aikin ruwan Agusta. Ya kwashe takin da ka sayo da tsada, ya tafi da ƙasar sama, ya bar maka tsakuwa. To, a ina za ka zuba ɗan kuɗinka kafin damina ta faɗi?

Buhun yashi kada ma ka fara, rana ce ke cinye shi kafin kaka. Gamba tana da araha, amma shanu ba sa ɗaga mata ƙafa. Jerin dutse kam ba a raina shi, da shi mutanen Sukur a Madagali suka mayar da tsauni gona, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Sai dai su dutsen yana ƙofar gidansu. In sai ka yi hayar tifa da lebura, aljihu zai gaya maka.

Ni dai jema nake so, ciyawar nan ta fadama mai ƙanshin saiwa, kuma ba na ɓoyewa. Saiwarta ƙasa take nutsawa a tsaye, takan kai mita 3, ba ta bazuwa gefe balle ta yi wa masara kishiya. Ana dasa ta a gicciye da gangaren, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, kamar faɗin tafin hannu. Ka auna layin da siririn tiyo mai ruwa a ciki, kada wani gefe ya fi wani tudu, don ido yana yaudara. Bayan damina biyu layin yakan haɗe. Ruwa ya zo a guje ya yi sanyi, ƙasa ta taru a bayansa, matakala ta gina kanta. Gobarar daji ta cinye ta, ta sake tohowa. Ganyen kuma ga zana, ga jinka.

Amma fa wajen saye ake kuka. Shekarar da na fara, wani a kasuwa ya ɗaura mini dami shida, ya rantse jema ce. Na biya yara suka dasa. Da ta yi kai, ashe rabi gamba ce, sauran kuma sun kwana biyu a rana, ko tsiro ba su yi ba. Ruwa ya bi giɓin ya haƙa mini kwari har gwiwa.

Tun daga nan ba na sayen damin da ban kwance ba. Ka zaro daga tsakiya, ba na saman da aka yi wa kwalliya ba. Ka murtsuke saiwar ka shinshina: jema a saiwa ƙanshinta yake. In ganyen ne ke ƙanshin lemun tsami, ciyawar shayi aka kawo maka. Kowane tushe ya zo da 'ya'ya biyu ko uku, gindinsa ɗanye, da laima a jikinsa. Mai cewa "ai da ta ji ruwa za ta farfaɗo", bar masa kayansa. In da hali ma, bi shi har fadamar a tono a gabanka, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar ko washegari.