Aikin gidajen masu ƙaramin ƙarfi ko bin ɗan kwangila?

Ƙanenmu da ya gama karatun gine-gine ya tambaya: ya nemi aiki a ɓangaren gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ko ya bi ɗan kwangila a nan Damagaram? Na ɗanɗana duka biyun, ga abin da na gani.

Wajen ɗan kwangila kuɗi na shigowa da wuri. Ka tuna lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyara garin don bikin ranar Jamhuriya a 2018, kowane magini yana da aiki, har ana rububinsu. Da aka gama biki, kasuwa ta ja baya. Haka abin yake: yau aljihu cike, gobe kana zaune a gindin bishiya kana jiran waya. Ga rigimar ruwa. Da bazara sai ka ga an tsayar da kwaɓin siminti ana jiran 'yan garuwa, kuma ranar da ba a yi aiki ba, ba ko dala.

Ɗaya ɓangaren kuwa, irin su SONUCI (kamfanin tsara birane da gina gidaje na Nijar), ofishin filaye na magajin gari, ko ƙungiyoyin da ke gina wa waɗanda ambaliya ta rushe wa gida, albashin ba ya burge kowa. Amma yana zuwa ƙarshen wata, kuma idan an yi maka rajista da CNSS, wato asusun tsaron rayuwar ma'aikata na ƙasa, kana tara fanshonka. Abin da ya fi min shi ne ilmin da ba a samu a kan katanga: yadda ake yanka filaye, yadda takardar fili ke fitowa, yadda ma'aikaci ke karɓar bashin gida ya biya a hankali daga albashinsa, irin wanda aka buɗe Bankin Gidaje dominsa a 2018. Wanda ya san waɗannan, ko ya bar aikin ba ya rasa abin yi.

Sai dai ka shirya haƙuri. Takarda takan tafi Yamai ta yi watanni. Wata tsohuwa daga unguwar Kara-Kara da damina ta kayar mata da ɗaki ta yi ta zuwa wurina, takardunta ƙulle cikin leda a bakin zane, kullum amsata ɗaya: "Iya, ba ta dawo ba tukuna." Ranar da ta karɓi makulli, goro biyu ta ajiye min a kan tebur.

In ni ne kai, ƙanena, da ofis zan fara, in yi shekara uku in san kan takardu. Kwangila tana nan, ka same ta daga baya.