Aakrosh: fim ɗin da ya tsaya kan zaluncin da ake yi wa Adivasi a Indiya

Mafi yawan masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san Amrish Puri da sunan Mugambo, amma kaɗan ne suka gan shi a Aakrosh na 1980, inda ya taka rawar Dusane, lauyan gwamnati. Wannan ne fim na farko da Govind Nihalani ya ba da umarni bayan shekarun da ya yi yana ɗaukar hoto a finafinan Shyam Benegal, kuma Vijay Tendulkar, fitaccen marubucin wasan kwaikwayo a harshen Marathi, shi ya rubuta labarin. An shirya shi a wajen tsarin manyan kamfanonin Bombay, saboda haka wanda ya zauna yana jiran jarumin da zai tashi ya rama da duka, ba zai same shi ba.

Labarin na Lahanya Bhiku ne, talaka daga ƙabilun Adivasi, wato mutanen asali da ke zaune a dazuka da tsaunukan Indiya, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 104. Ana tuhumarsa da kashe matarsa Nagi, alhali wasu manyan garin ne suka yi mata fyaɗe har ta rasa ranta. Kotu ta ba shi wani matashin lauya, Bhaskar Kulkarni, domin ya kare shi kyauta, shi kuwa mai gabatar da ƙara, Dusane, ubangidan Bhaskar ne a aikin lauya.

Abin da ya ɗaga darajar fim ɗin shi ne shirun Lahanya. Om Puri, wanda ya fito a matsayinsa, ya kwashe kusan dukan fim ɗin bai buɗe baki ba. Ana kawo shi da igiya ɗaure a ƙugu, ɗan sanda na riƙe da bakinta, lauyansa na tambaya, yana lallashi, yana fusata, shi kuwa idanunsa kawai suke motsi. Da farko mai kallo zai ɗauka taurin kai ne, sai a hankali ya gane cewa mutumin ya auna lamarin ya ga babu kunnen da zai kai wa kukansa, kuma idan ya furta kalma ɗaya, tsohon mahaifinsa da ƙanwarsa da ke gida su za su ɗanɗana kuɗarsu. Nihalani, da yake ma'abocin kyamara ne, yakan bar fuskar Om Puri ta cika allo na dogon lokaci, har gumin goshinsa da jijiyar wuyansa su zama su ne bayanin da kotu ta kasa samu. Naseeruddin Shah ma ya yi ƙoƙari a matsayin Bhaskar, musamman yadda tsoro ke shigarsa sannu a hankali yayin da aka fara bibiyarsa da dare.

Sai dai a ganina Dusane ne mutumin da ya fi ba da tausayi da takaici a lokaci guda. Shi ma asalinsa daga irin waɗannan ƙabilu ne, ya yi karatu, ya samu kujera, yana zama wurin karta da masu faɗa a ji na garin, amma duk da haka ana bugo masa waya ana zaginsa da asalinsa. Ya zaɓi ya rufe ido domin ya tsira da matsayinsa, kuma fim ɗin ya nuna dalilinsa ba tare da ya wanke shi ba.

Ba daga sama aka ƙago wannan labari ba. A 1972 wata yarinya 'yar Adivasi ta zargi 'yan sanda biyu da yi mata fyaɗe a cikin caji ofis a jihar Maharashtra, kuma a ƙarshen shekarun 1970 Kotun Ƙolin Indiya ta sallame su. Fushin da hukuncin ya tayar ne ya kai ga gyaran dokar fyaɗe a 1983, sannan a 1989 aka kafa doka ta musamman kan cin zarafin ƙabilu da mutanen da ake ɗauka ƙasƙantattu. A tsakiyar wannan taƙaddama Aakrosh ya fito, ya kuma ci kyautar Ɗawisun Zinare a bikin finafinan ƙasa da ƙasa na Indiya a 1981.

Fim ɗin yana da aibi, kuma ba ƙarami ba ne. Ta idon lauyan birni muke ganin kusan komai, rayuwar Adivasi ta yau da kullum kuwa ba a ba ta fili sosai ba. Smita Patil, wadda ta fito a matsayin Nagi, 'yan mintuna kawai aka ba ta, ga shi kuwa a kanta aka yi ta'asar. Ƙarshen ma ya dame ni ƙwarai: a wurin ƙona gawar mahaifinsa, Lahanya ya lura da irin kallon da ake yi wa ƙanwarsa, ya fizgi gatari ya kashe ta domin kada ta faɗa hannun da matarsa ta faɗa, sannan ya kwarma ihun da ya danne tun farko. Na fahimci abin da marubucin ke nufi, wato an toshe wa mutumin kowace ƙofa, amma yarinyar ba a taɓa tambayar ta abin da take so ba, ko a gida ko a cikin labarin.

Duk da haka ina ba da shawarar a neme shi a kalla, musamman lauyoyi, 'yan jarida da masu shirya finafinai a Kannywood da ke son ganin abin da ƙaramin jari zai iya yi idan rubutu ya yi ƙarfi. Da harshen Hindi aka yi shi, don haka a nemi kwafi mai fassarar rubutu a ƙasa, domin muhawarar Bhaskar da Dusane tana buƙatar a bi ta kalma bayan kalma. Ba fim ne da za a kunna a gaban yara ba.