Zabirar wanzami: a kai gidan tarihi ko a ɗauka a waya?

Gidan tarihi na Kanta a Argungu tsohuwar fada ce, tun 1958 aka buɗe shi ga jama'a. In aka aje ƙaho da aska da zabira can cikin gilashi za su daɗe ba su lalace ba, amma wa zai gani? Sai 'yan makaranta da baƙin bikin kamun kifi, kuma gilashi baya magana.

Bidiyo a Facebook kuwa tsohon wanzami zai zauna ya nuna yadda ake tsaga a zuƙi ƙaho a toshe bakin, ya ba da labarin cutar agana da aka kawar daga duniya a 1980, har mutanen Yauri su kalla, matsalar dai gobe wani ya yanke bidiyon ya koma tallan magani. Ni dai a fara ɗaukar tsofaffin nan, ƙahon zai jira.